Rufe ramukan zinare a Arewa: Wa ya san asalin dutsen da ake rikici a kansa?

A ranar 1 ga Disambar 2025 gwamnonin jihohin Arewa da sarakunan yankin suka tashi daga taro a Kaduna da shawarar a dakatar da haƙar ma'adinai na tsawon wata shida, domin a tantance lasisi, a kuma toshe kafar da suke ganin 'yan bindiga na samun kuɗi ta cikinta. Shawarar ba baƙuwa ba ce a kunnen mutanen Zamfara. A watan Afrilun 2019 Gwamnatin Tarayya ta haramta haƙa a faɗin jihar, a Maris ɗin 2021 ta ƙara da hana jirage shawagi a samaniyarta, sannan a Disambar 2024 Ministan Ma'adinai, Dele Alake, ya sanar da ɗage haramcin bayan sama da shekara biyar. Shekara guda ba ta cika ba aka dawo maganar rufewa.

A tsakanin rufewa da buɗewa farashin zinare bai tsaya jiran kowa ba. Oza ɗaya ta haye Dala 2,000 a shekarar 2020, ta haye 3,000 a Maris ɗin 2025, ta kuma haye 4,000 a watan Oktoban shekarar. Mai tunanin takardar sanarwa za ta hana saurayin ƙauye sauka rami a irin wannan farashi, ya fara tambayar kansa nawa damina take ba wa saurayin nan a gonar da ba ya iya zuwa saboda tsoro.

Akwai tambayar da ba a jin ta a wuraren taron nan, kuma ɗan kasuwar Kantin Kwari ya fi kowa cancantar ya yi ta, domin ita ce sana'arsa. Ɗan Kwari ba ya biyan kuɗin dila sai ya san daga ina ta fito. Zai duba rubutun bakin atamfa, ya murza shadda tsakanin yatsu, ya ɗaga ta ga haske, ya faɗa maka wannan Getzner ce ta Ostiriya, wannan 'yar Holan ce, wannan kuma kwaikwayo ne daga China ko da an buga mata hatimi goma. A wurinsa asali shi ne farashi. Amma taka ƙafa kaɗan zuwa wurin masu sayar da gwal a kasuwar Sabon Gari: za a goga sarƙa a dutsen gwaji, a ɗiga mata ruwa, a ɗora a sikeli, a faɗi giram da karat, ciniki ya faɗa. Ba mai tambayar ramin da ƙarfen ya fito, kuma ko an tambaya ba mai amsa. Abin takaicin shi ne ita ma hukumar da ke rufe ramuka tana buɗewa ba ta fi mai sikelin sani ba sosai.

Laka ma tana da asali

Duk wanda ya ga abin da ambaliyar daminar 2022 ta bari a shagunan Kwari ya riga ya san rabin ilimin da za mu yi magana a kansa. Kwari, kamar yadda sunansa ya nuna, gangare ne. Abin da ruwa ya kwaso daga tudu nan yake sauke shi. Da mutum zai ɗebi lakar da ta kwanta a ƙasan shago ya baje ta a faranti, zai ga jan marmara, da ɓurɓushin siminti, da gawayi, da yashin gini, kuma daga nan zai iya cewa ruwan ta wace unguwa ya biyo. To, a ce an bar lakar nan, wata ta hau kanta, wata ta ƙara hawa, har ta nutse kilomita da yawa cikin ƙasa, zafi ya gasa ta, nauyi ya matse ta shekaru miliyoyi. Za ta rikiɗe ta zama dutse mai falle-falle, mai ƙyalli, wanda ke ɓarewa kamar shafin littafi. Masana suna kiransa shist. Yashin da ya sha irin wannan wuya kuma yakan zama farin dutse mai tauri wanda ruwa ba ya cin sa da sauri, shi ya sa yake tsayawa a matsayin dogayen tuddai. Matafiyi daga Kano zuwa Daura yana ganin irinsu a Kazaure.

Waɗannan rikiɗaɗɗun duwatsu na laka da yashi suna kwance a yammacin Najeriya a jere, zirin-zirin, daga arewa zuwa kudu, kamar saƙar da aka shimfiɗa a rana. Kowane ziri da sunansa: Zuru, Anka, Maru, Wonaka, Malumfashi, Kazaure, Birnin Gwari, Kushaka, Zungeru, can kudu kuma Egbe da Isanlu, da Ilesha, da Igarra. Mai karatu ya sake bin sunayen nan a hankali. Rabinsu sunayen da muke bugawa ne a shafin tsaro kusan kowane mako.

Aikin masanin sinadaran duwatsu shi ne ya yi wa dutsen nan tambayar da ɗan Kwari ke yi wa dila. Yakan niƙa shi ya zama gari, ya auna abin da ke ciki. Akwai sinadaran da ruwa ke wankewa tun a hanya, irin su sodiyam da kalsiyam. Idan sun yi ƙaranci, alama ce cewa ƙasar da lakar ta fito ta daɗe tana shan ruwa da zafi kafin a kwashe ta. Akwai kuma masu taurin kai da ba sa narkewa, suna bin laka duk inda ta je, su ne rubutun bakin atamfa. Yawan toriyam da zakoniyam yana nuni ga tudun farin dutse irin na tsohuwar nahiya. Yawan kuromiyam da nikel yana nuni ga baƙin dutsen aman wuta ko na ƙasan teku. Sai wani ɗan ƙanƙanin tsakuwa mai suna zakon, wanda bai kai ƙwayar gero ba, amma agogo ne. Yana ɗauke da yuraniyam da ke rikiɗewa ya zama dalma a kan ƙa'ida da ba ta sauyawa, rabinsa cikin kusan shekara biliyan 4.5. Auna yuraniyam ɗin da ya rage da dalmar da ta taru, ka san shekarun tudun da ƙwayar ta gutsuro daga jikinsa.

Da wannan agogon ne wasu masana, cikinsu har da Alfred Kröner na Jamus da Barth Ekwueme na Jami'ar Kalaba, suka wallafa a 2001 cewa wani dutse a cikin garin Kaduna ya kai shekara biliyan 3.57, wato yana cikin mafi tsufa da aka sani a Afirka ta Yamma. Garin da gwamnonin suka zauna taro yana zaune a kan wannan shaida.

Najeriya ba Ghana ba ce

Ga inda maganar ta shafi aljihu. A yammacin nahiyar nan akwai wani tsohon gindin ƙasa da ya daskare ya natsu tun kusan shekara biliyan 2 da suka wuce, bai sake tanƙwaruwa ba. Irin wannan gindi shi masana ke kira kiraton. Na Afirka ta Yamma ya ɗauki Ghana da Kwaddibuwa da Burkina Faso da Mali da Gini da Saliyo da Laberiya da gabashin Senegal, ya leƙo yammacin Nijar ta wajen Liptako, ya kuma sake ɓullowa a Muritaniya. A jikinsa akwai rikiɗaɗɗun duwatsu masu shekara biliyan 2.1 zuwa 2.2 da ake kira Birimiyan, daga sunan kogin Birim na Ghana. Su ne uwar zinaren Obuasi, su ne na Mali da Burkina, su ne na mahaƙar Samira da Nijar ta buɗe a 2004. Zinaren da ya yi wa Mansa Musa suna a tafiyarsa ta hajji a 1324 daga cikinsu ya fito, kuma Wangarawan da tarihin Kano ya ce sun iso zamanin Sarki Yaji a ƙarni na 14 mutanen wannan fatauci ne.

Najeriya ba ta kan wannan gindi. Tana gabas da shi, a cikin yankin da ya matsu lokacin da kiraton ɗin Afirka ta Yamma ya yi karo da ƙasashen da ke gabashinsa, kimanin shekara miliyan 600 da suka wuce. Wani teku ya rufe, duwatsu masu tsawo suka tashi, ƙasa ta naɗe kamar tabarma, narkakken dutse ya kutso ta ko'ina. Ɗinkin wannan karo yana nan har yau, ya ratsa gabashin Ghana da Togo da Benin ya nufi Sahara. Fataken Kano da suka riƙa bin hanyar Gwanja neman goro, ta Nikki da Jugu zuwa Salaga, suna tsallaka shi a wajen tuddan Atakora, da jakunansu, ba tare da sun san sun sauka daga wata tsohuwar nahiya zuwa wata ba. Ɗaya ɓarin wannan yanki namu yana arewa maso gabashin Brazil, domin a lokacin ba a buɗe Tekun Atlantika ba.

Shekaru da dama masana suna muhawara a kan zirin duwatsunmu. Wasu sun ce tafkuna ne da suka buɗe a bayan tsohuwar nahiya, laka ta cika su, suka rufe a inda suke. Wasu sun ce a'a, a Maru da Ilesha akwai baƙaƙen duwatsun da sinadarinsu ya yi kama da na ƙasan teku, don haka ƙananan tekuna ne suka rufe, guntayen ƙasa suka manne da juna. An kuma yi saɓani kan shekaru: ko duk sa'o'in juna ne, ko wasu sun girmi wasu da ɗaruruwan miliyoyi, ko ma akwai 'yan uwan Birimiyan a ciki da karon ya sake dafawa. Abin da aka fi yarda da shi shi ne zirin ba iri ɗaya ba ne. Na Maru da Kushaka laka ce mai laushi da ta kwanta a ruwa mai natsuwa, da shimfiɗun tama a tsakani. Na Anka da Birnin Gwari akwai tsakuwa da manyan duwatsu a cakuɗe, alamar tudu yana kusa, ƙasa kuma tana motsi lokacin da suke zuba. Na Zuru da Kazaure yashi ya fi yawa.

Mai shago zai ce, ina ruwana da wannan gardama ta malaman jami'a? Ruwansa a ciki shi ne amsar ita ke faɗa wa mai jari inda zai sa kuɗinsa da inda zai kama bakin aljihu. Kamfanin da zai kashe Dala miliyan ɗari yana son sanin ko abin da ke ƙasa irin na Obuasi ne, wanda ake haƙa fiye da shekara ɗari bai ƙare ba, ko kuwa siraran jijiyoyi ne da ke ɓacewa bayan 'yan mitoci. Farfesa Ibrahim Garba, ɗan Riruwai ta Jihar Kano, wanda ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 2015 zuwa 2020, ya yi shekaru yana nazarin zinaren waɗannan wurare. Abin da aikinsa da na abokansa ya nuna shi ne yawancin zinarenmu ya zo ne a ƙarshen wancan karo, ruwa mai zafi ya ɗauko shi daga ƙasa ya zuba a jijiyoyin farar ƙanƙara, a kusa da manyan tsagogi biyu da suka keta ƙasar: ɗaya ta Anka da Yawuri zuwa Iseyin, ɗaya ta Kalangai da Zungeru zuwa Ifewara. Wuraren da Turawa suka haƙa tun daga 1913, haƙar da ta kai ƙololuwa a shekarun 1930 kafin Yaƙin Duniya na Biyu ya durƙusar da ita, irin su Bin Yauri da Tsohon Birnin Gwari, a gefen waɗannan tsagogi suke. Mahaƙar Segilola ta Jihar Osun, wadda ta fara fitar da zinare a 2021, ita ma a zirin Ilesha take, kusa da tsagar Ifewara.

Wannan siffa ta jijiya siririya, mai arziki a wuri ɗaya, babu komai taku ashirin gaba, warwatse a cikin daji, ita ce ta tsara irin haƙar da muke gani. Ba ta cika jawo babban kamfani mai katanga da asibiti da rajistar ma'aikata ba. Tana jawo mutum dubu da diga da shebur da buhu, su taru wata uku, jijiya ta ɓace, su watse zuwa wani dajin. Irin wannan sansani ba ya buƙatar runduna kafin a mallake shi. Mutum goma da bindiga sun isa su sa haraji a bakin rami. Kuma dutsen bai san iyaka ba. Zirin da ya bi ta Zamfara da Katsina ya leƙa kudancin Maraɗi, inda aka yi rububin zinare a yankin Ɗan Issa a 2021, har rami ya rufta da mutum 18 a watan Nuwambar shekarar. Rufe wannan gefen iyaka tura ma'aikata da hajarsu wancan gefen ne kawai.

Sai dai a yi adalci. Zinare bai haifi ta'addancin daji ba. Rikicin ya samo tushe daga satar shanu, da cinye burtali da makiyaya, da ramuwar gayya tsakanin 'yan sa-kai da Fulani, da rashin shari'a a karkara, sannan kuɗin fansa ya zo ya zama sana'a. Haɗuwar taswirar duwatsun da taswirar hare-hare tana da wani dalili kuma: ƙasa ce mai tuddai da kwazazzabai, wadda aka bar yawancinta a matsayin daji, irin su Kamuku da Kuyambana, ga wuyar shiga ga sauƙin ɓuya. Shekara biyar na haramci a Zamfara gwaji ne da aka riga aka yi, kuma kowa ya ga sakamakonsa: masu lasisi sun tattara sun tafi, masu bindiga sun zauna.

Darasin Bagega

Idan akwai wurin da rashin sanin sinadarin dutse ya zama makoki, to ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum ne a 2010. Ruwan zafin da ya kawo zinare bai zo shi kaɗai ba. A wasu jijiyoyin ya taho da dutsen dalma, irin wanda iyayenmu mata suka sani da kwalli. Mutanen Dareta da 'Yargalma da Abare da Sunke da Bagega suka riƙa kawo dutsen cikin gida, ana dakawa a turmi, ana niƙawa a injin da ake niƙa hatsi, ƙura tana sauka a tsakar gida inda yara ke rarrafe. Likitocin ƙungiyar MSF ne suka lura da yawan sababbin ƙananan kaburbura. An ƙiyasta yara kusan 400 suka rasu, dubbai kuma suka rayu da guba a jini, wadda ke taɓa ƙwaƙwalwa har ƙarshen rayuwa. Bagega ba ta samu an kwashe gurɓatacciyar ƙasarta ba sai a 2013, bayan dogon jiran kuɗi daga Abuja. A 2015 abin ya maimaita kansa a Ƙaramar Hukumar Rafi ta Jihar Neja, yara 28 suka tafi.

Gwajin da zai nuna dalma a cikin dutse ba ya ɗaukar yini guda. Akwai na'urar hannu da ake ɗora wa dutse ta faɗi abin da ke cikinsa cikin minti ɗaya, kuma kuɗinta bai kai na motar rakiya guda a ayarin gwamna ba. Da akwai taswirar da ta ce jijiyoyin wannan yanki suna da dalma, na wancan suna da asanik, da malamin lafiya na ƙauye ya san abin da zai faɗa wa mai gari. Ba a maganar zaiba ma, wadda ake kama zinare da ita a ƙona a fili, hayaƙinta ya shiga huhu, ragowarta ta bi rafi zuwa cikin kifi.

Hukumar Binciken Ƙasa ta Najeriya ta samo asali tun 1919, tana da ɗakunan gwaji a Kaduna, kuma tsakanin 2003 da 2010 an yi safiyon ƙasar daga jirgin sama. Ilimin bai yi ƙaranci kamar yadda ake zato ba. Yana kwance ne a kundayen digiri a Samaru, da mujallun da ake biya da Dala kafin a karanta, da Turancin da ko mai digiri a wani fannin sai ya yi gumi. Mai diga a Maru bai taɓa ganinsa ba, ɗan kasuwar da ke ba shi jari a Kano ma haka.

Na san wani mai shago a layin 'yan shadda da aka kawo wa dutse a cikin leda, yana walƙiya kamar an yi masa fenti, aka ce fili ne a wani daji, saura kuɗin inji da na abincin ma'aikata. Ya sayar da rabin kayansa ya zuba. Dutsen na gaske ne, zinaren da ke cikinsa ma na gaske ne. Abin da ba a faɗa masa ba shi ne an zaɓo shi ne daga cikin buhu ɗari, kuma ba wanda ya huda ƙasa ya ga zurfin jijiyar. Mutumin da ba zai karɓi dila ba sai ya farke gefe ya ga na tsakiya, shi ne ya sayi daji da samfuri ɗaya. Irinsa suna da yawa tun da canjin Dala ya sa jari a yadi ya zama kamar riƙe ruwa a kwando, kuma ba sa faɗa, saboda kunya. Yanzu an ƙara da litiyam, wanda ake samu a wasu jijiyoyin da suka kutsa cikin waɗannan duwatsu, kuma tun da aka buɗe masana'antar sarrafa shi a Jihar Nasarawa a 2024 kowane farin dutse ya sami dillali.

Kwari tana da wani hasarar da ba ta shiga lissafi. Masu sarin da ke zuwa daga Gusau da Talatar Mafara da Birnin Gwari da Kontagora abokan ciniki ne na shekara da shekaru. Kowane ƙauye da ya tashi, an rasa masu sayen atamfar sallah da ta biki, kuma bashin da ke hannun ɗan sarin can ya zama sai dai addu'a.

Bin sawun ƙarfe

Ƙungiyar Swissaid ta ƙiyasta cewa a 2022 kaɗai an fitar da aƙalla tan 435 na zinare daga Afirka ba bisa ƙa'ida ba, kuma mafi yawansa Dubai ya nufa. A gefe guda, abin da hukuma ta nuna wa duniya a Yulin 2020, lokacin da aka miƙa wa Shugaba Muhammadu Buhari zinaren shirin PAGMI, kilo 12.5 ne, wanda Babban Banki ya saya a kan Naira miliyan 268. An kwashe shekaru da dama kason ma'adinai a tattalin arzikin ƙasa bai kai kashi ɗaya cikin ɗari ba. Tsakanin abin da ke fita daga ramuka da abin da ke shiga littafin gwamnati akwai rata mai faɗin da tirela za ta juya a ciki.

Ilimin asali yana da abin cewa a nan ma. Zinaren da bai sha wuta ba yana ɗauke da shaidar gidansu: yawan azurfar da ke cikinsa, ɗigon tagulla, ƙananan baƙin ma'adinai da suka maƙale masa. Hukumar binciken ƙasa ta Jamus ta yi amfani da irin wannan dabara wajen bin sawun kuza da koltan a gabashin Kwango da maƙwabtanta, 'yan sandan tarayya na Brazil kuma suna tara samfurin zinaren kowane yanki domin gane wanda aka sato daga dajin Amazon. Dabarar tana da iyaka, kuma gara a faɗe ta: da zarar an narka zinaren rami biyar a tukunya ɗaya, an tace shi, shaidar ta dushe. Tana aiki ne kawai idan an kama ƙarfen kusa da rami, kuma idan akwai ma'ajiyar samfuri da za a gwada shi da ita. Mu ba mu fara tara samfurin a fili ba, balle a kai ga kotu.

Akwai kuma masu cewa wallafa taswira tamkar nuna wa ɓarawo ƙofar taska ne. Hujjar tana da ɗan nauyi, amma ɓarawon ya riga mu isa. Wanda ke cikin duhu shi ne mai gari, da ɗan majalisa, da alƙali, da mai jarin halal.

A ƙarƙashin sashe na 44(3) na Kundin Tsarin Mulki da Dokar Ma'adinai ta 2007, duk abin da ke ƙarƙashin ƙasa mallakar Gwamnatin Tarayya ne, shi ya sa gwamnoni roƙo kawai za su iya yi game da lasisi. Ma'aikatar ta soke lasisi 1,633 a ƙarshen 2023, ta ƙara 924 a Afrilun 2024, ta kuma kafa dakarun tsaron ma'adinai daga jami'an Sibil Difens a Maris ɗin shekarar. Duk wannan aiki ne a kan takarda da kan mai takarda. Ramin da ya kashe yaran Dareta ba ya cikin rajistar kowa, don haka tantance rajista ba za ta gano irinsa ba.

Amma babu sashen tsarin mulki da ya hana gwamna sayen na'urar gwaji, ko ɗaukar nauyin ɗaliban ilimin ƙasa na Zariya da Wudil su bi ramukan da ake iya kaiwa su ɗebo samfuri, ko buga sakamakon da Hausa a manna a fadar hakimi da asibitin karkara. Kano ba ta da ramuka kamar Zamfara, amma nan kuɗin yake, nan sikelin yake, nan filin jirgin yake. Ɗakin gwaji ɗaya amintacce tsakanin Fagge da Sabon Gari, inda mai dutse a leda zai biya kuɗi kaɗan a faɗa masa giram nawa ne a tan, da ko akwai dalma a ciki, a kuma rubuta inda aka ce an samo shi, zai tara bayanin da wata shida na rufe ramuka ba za su tara ba. Ƙungiyoyin 'yan kasuwar da suka iya haɗa kuɗin gyaran magudanar ruwa da na masu gadi za su iya zama da gwamnatin jiha a kan wannan, tun da kuɗin mambobinsu ne ke nutsewa a dajin.